Shekaru 23 da Glenda Jackson ta yi a majalisa ba asara ba ce

Kwanakin baya na saurari wata tattaunawa a rediyo game da The Great Escaper, fim na ƙarshe da marigayiya Glenda Jackson ta fito a cikinsa tare da Michael Caine, wanda aka fara nunawa 'yan watanni bayan rasuwarta a watan Yunin 2023. Masu tattaunawar sun yabi aikinta kamar yadda ya dace, sai ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa babban abin takaici a rayuwar wannan mata shi ne shekaru 23 da ta ɓata a majalisar dokokin Birtaniya, domin a ganinsa ƙasar ta yi rashin 'yar wasan da babu kamarta, ta samu 'yar majalisa irin wadda ake samu a kowace mazaɓa. Babu wanda ya musa masa, sai ka ce magana ce da aka riga aka gama yanke hukunci a kanta.

Ni ban yarda da wannan hukunci ba. A ganina barin fim da ta yi a 1992, lokacin da sunanta ya riga ya kafu, ta tafi ta zauna a kujerar wakilci har zuwa 2015 ba tare da ta sake fitowa a fim ko ɗaya ba, shi ne abin da ya fi cancantar girmamawa a duk tarihinta. Ita ce kuma ma'aunin da ya kamata a riƙa gwada duk wani ɗan wasa da ya ce yana son shiga siyasa. Ba na cewa duk abin da ta yi a majalisa daidai ne, zan ma zo ga inda nake ganin ta wuce gona da iri, amma kalmar asara ba ta dace da waɗannan shekaru ba.

An haife ta a 1936 a Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool. Mahaifinta magini ne, mahaifiyarta kuma tana aikin shara da goge-goge da tsaron kanti. Ta bar makaranta tana da shekara 16, ta yi aiki a kantin magani na Boots, kafin ta samu tallafin karatu a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA da ke Landan a 1954. Bayan ta gama ta sha zaman rashin aiki da yawon ƙananan gidajen wasa, sai a 1964 darakta Peter Brook ya ba ta rawar Charlotte Corday a wasan Marat/Sade, daga nan ƙofa ta buɗe. Ta lashe lambar Oscar sau biyu, da Women in Love na 1969 da A Touch of Class na 1973, kuma ko sau ɗaya ba ta je bikin karɓar lambar ba. A 1971 ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a shirin Elizabeth R na BBC mai kashi shida, har ta aske gashin goshinta domin ta yi kama da zanen sarauniyar. Wannan ita ce matar da ta nemi tikitin jam'iyyar Leba a mazaɓar Hampstead da Highgate da ke arewacin Landan.

Sun ce suna ne ya ba ta kujera

Wannan shi ne ƙorafin farko, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Wanda aka san fuskarsa a talabijin ba ya bukatar gabatar da kansa idan ya ƙwanƙwasa ƙofa, 'yan jarida kuma suna bin sa kyauta, alhali ɗan takarar da ya fito daga ƙungiyar malamai ko ta ma'aikatan jinya sai ya yi ta roƙo kafin a ambaci sunansa. Ba na shakkar cewa sunanta ya taimaka mata ta ƙwace kujerar daga hannun jam'iyyar Conservative a 1992, inda ta kayar da Oliver Letwin, a shekarar da ita kanta jam'iyyar Leba ta sha kaye a hannun John Major.

To amma wane ne ke shiga siyasa hannu rabbana? Makarantar Eton ita kaɗai ta yaye firaministocin Birtaniya 20, kuma ban cika jin ana cewa kuɗin makarantar da iyayensu suka biya ya hana su cancanta ba. Wani yana shiga da dukiyar ubansa, wani da sunan gidansu, wani da abokan da ya yi a jami'a. Idan 'yar magini ta shiga da sunan da ta samu da gumin kanta, ban ga dalilin da zai sa a ware nata jarin a ce shi ne haramtacce ba.

Ban da haka, suna yana iya kai mutum majalisa sau ɗaya, amma ba ya riƙe shi a can. An sake zaɓen ta a 1997 da 2001 da 2005 da kuma 2010. A zaɓen 2010, bayan an sauya iyakokin mazaɓar ta zama Hampstead da Kilburn, da ƙuri'u 42 kacal ta tsira daga hannun Chris Philp. Wannan rata tana nuna cewa masu zaɓe ba su ɗauke ta a matsayin tauraruwar da ba a taɓawa ba. Sun auna ta kamar yadda suke auna kowa, a shekarar da suka gaji da gwamnatin Leba, kuma da ƙyar ta sha.

Masu kallon finafinan Indiya za su tuna cewa Amitabh Bachchan ya ci zaɓe a Allahabad a 1984 da gagarumin rinjaye, amma kafin wa'adinsa ya cika ya ajiye kujerar ya koma fim. A Ingila ma Vanessa Redgrave, wadda suka fito tare da Jackson a fim ɗin Mary, Queen of Scots, ta tsaya takara fiye da sau ɗaya a shekarun 1970 a ƙarƙashin wata ƙaramar jam'iyya ta masu ra'ayin juyin juya hali, ba ta ci ba, ta ci gaba da wasanta tana bayyana ra'ayinta daga waje. Ba laifi ba ne ɗan wasa ya yi haka. Amma ya bambanta da wanda ya rufe sana'arsa gaba ɗaya, ya karɓi albashin ɗan majalisa, ya yarda shugabannin jam'iyya su riƙa gaya masa lokacin da zai zo da lokacin da zai tafi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ita kuwa ta yi askin har na shekara 23.

Sun ce fasaha ta yi rashi

Wannan ƙorafi ya fi na farko ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba. Ta shiga majalisa tana dab da cika shekara 56, ta fito tana dab da cika 79. A tsakanin waɗannan shekaru ne Judi Dench, wadda ta girme ta kaɗan, ta zama shugabar James Bond a finafinai tun daga 1995, ta kuma lashe Oscar a 1999 da rawar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ɗin nan da Jackson ta yi suna da ita. A tsakaninsu ne Maggie Smith ta samu sababbin masoya a duniya ta hanyar Harry Potter da Downton Abbey. Duk wanda ya ce da Jackson ta zauna da an samu wasu manyan ayyuka daga gare ta, bai yi ƙarya ba.

Sai dai akwai abin da masu wannan magana ke tsallakewa. Finafinan da ta yi a shekarun 1980 ba su kai na shekarun 1970 karɓuwa ba, kuma ita da kanta ta sha faɗi a hirarraki cewa marubuta ba su cika ɗaukar mace a matsayin ginshiƙin labari ba, musamman idan shekaru sun fara ja. Macen da ta saba jan ragamar wasa ba lalle ba ne ta gamsu da fitowa a matsayin gwaggon jarumi ko surukar jaruma. Ayyukan da ake kuka an rasa, ba a nuna mana cewa an rubuta su an ajiye suna jiran ta ba.

Akwai kuma wani tunani da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙorafin wanda ya fi damu na, wato cewa baiwar mutum mallakar masu kallo ce, ba tasa ba. Idan ƙwararren likitan tiyata ya ajiye wuƙa ya tsaya takara domin ya ga asibitocin garinsu suna lalacewa, mutane kan ce kishin ƙasa ne ya motsa shi. Idan 'yar wasa ta yi haka saboda ta ga makarantun unguwarsu suna lalacewa, sai a ce ta ɓata baiwarta. Bambancin da ke tsakanin hukuncin biyu shi ne ana ganin aikin ɗan wasa shi ne ya nishaɗantar da mu sannan ya yi shiru, kuma wannan raini ne ko da an lulluɓe shi da yabo.

Sun ce ba ta yi wani abin a-zo-a-gani ba

Idan da muƙami ake auna ɗan majalisa, to nata bai taka kara ya karya ba. Firaminista Tony Blair ya naɗa ta ƙaramar ministar sufuri a 1997, ta yi shekara biyu, ta sauka a 1999 domin neman tikitin Leba na takarar magajin garin Landan, ba ta samu ba, aka ba Frank Dobson, shi ma Ken Livingstone ya kayar da shi a 2000. Daga nan ba ta sake riƙe muƙamin minista ba. Babu wata babbar doka da ake kira da sunanta.

Amma majalisa mai kujeru 650 ba ministoci kaɗai take bukata ba. Mafi yawan aikin wakili a Birtaniya ba ya fitowa a labarai: zaman sauraron koke-koke ne a ɗakin karatu ko zauren coci, inda wannan zai zo da takardar korarsa daga gidan haya, waccan ta zo da batun takardar zama ta mijinta da ta maƙale a ma'aikatar cikin gida, wani kuma an yanke masa kuɗin tallafin naƙasa. Mazaɓar da ta wakilta ta haɗa wasu daga cikin unguwannin da suka fi tsada a Landan da kuma rukunin gidajen gwamnati na talakawa da baƙin haure, saboda haka irin waɗannan koke-koke ba sa yankewa. Wanda ya zo da takardar kora bai damu da Oscar ba, wasiƙa yake so a rubuta wa ƙaramar hukuma, a kuma bi sawunta.

Sannan akwai aikin da ba mai iya yi sai wanda ba ya kwaɗayin muƙami. Lokacin da Blair ya kai Birtaniya yaƙin Iraƙi a watan Maris na 2003, 'yan majalisar Leba 139 sun bijire masa, kuma Jackson tana cikin masu adawa da yaƙin. Da masanin makamai David Kelly ya mutu a watan Yulin shekarar, bayan taƙaddamar da ta tashi kan hujjojin da gwamnati ta bayar na shiga yaƙin, ta fito fili ta ce Blair ya sauka, a lokacin da yawancin 'yan jam'iyyar ke gunaguni a ɓoye. A nan ne ma nake ganin shahararta ta yi amfani mafi girma. Ɗan majalisar da siyasa ce kaɗai sana'arsa yana tsoron ɓata wa shugaba rai domin gobensa tana hannun shugaban. Ita kuwa babu abin da Blair zai ba ta ko ya hana ta wanda ya kai abin da ta riga ta bari da kanta.

Ranar da ta yi magana a kan Thatcher

Abin da aka fi tuna ta da shi a majalisa ya faru ne ranar 10 ga Afrilun 2013, kwana biyu bayan rasuwar Margaret Thatcher, lokacin da aka kira majalisa daga hutu domin yi wa tsohuwar firaministar ta'aziyya. 'Yan Leba da dama sun ƙi zuwa. Jackson ta zo, ta miƙe, ta yi magana ba takarda a hannunta yayin da 'yan Conservative ke mata ihu. Ta ambaci makarantun mazaɓarta da littattafansu suka yayyage ana liƙa su, ta ambaci marasa matsuguni da suka mayar da ƙofofin kantunan Landan ɗakunan kwanansu, ta kuma ce halayen da aka tarbiyyantar da ita a kan cewa aibi ne, kamar haɗama da son kai da rashin kula da mai rauni, a zamanin Thatcher aka mayar da su abin yabo. Da ta zauna wani ɗan majalisa, Tony Baldry, ya kai ƙara cewa an taru ne domin yabo, sai kakakin majalisa John Bercow ya yanke hukunci cewa ba ta karya wata ƙa'ida ba.

Na san yadda wannan zai sauka a kunnen Bahaushe, domin haka ya fara sauka a nawa. An tarbiyyantar da mu a kan ambaton alherin mamaci da kame baki daga aibinsa, kuma a ranar ko jana'izar matar ba a yi ba, iyalinta suna cikin makoki. Wannan tarbiyya tana da hikima, ba kuma zan yi mata ba'a ba.

Duk da haka akwai bambanci tsakanin zaman makoki a gidan mamaci da zaman majalisa da ake rubuta kowace kalmarsa a ajiye wa tarihi. Thatcher ta mulki Birtaniya daga 1979 zuwa 1990. A zamaninta marasa aikin yi sun haura miliyan 3, an yi yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 wanda ya raba garuruwa da iyalai, yankin Liverpool da Jackson ta fito kuwa yana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Magoya bayanta suna da nasu lissafin: ta karya hauhawar farashi, ta rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago da suka tsayar da ƙasa cik a ƙarshen shekarun 1970, ta ba masu haya a gidajen gwamnati damar sayen su. An faɗi wannan lissafi na sa'o'i a ranar. Da babu wanda ya faɗi ɗaya ɓangaren, da kundin majalisa ya nuna kamar ƙasar baki ɗaya ta yi ittifaƙi a kan Thatcher, alhali miliyoyin mutane ba haka suka gan ta ba, kuma su ma wakilci suke da shi a zauren. Jackson ta sha faɗin cewa abin da ta ga mulkin Thatcher ya yi wa ƙasar ne ya tura ta siyasa tun farko. Da ta zo ranar ta yi yabon da ba ta yarda da shi ba, da a ranar ce za ta fara wasan kwaikwayo a majalisa.

Inda na rabu da ita shi ne ƙarshen jawabin. Ta ce ta yarda Thatcher ce firaminista ta farko daga jinsin mata, amma a ma'aunin da ita ta san mace da shi, wato irin matan da suka riƙe gidaje da masana'antu lokacin yaƙin duniya, Thatcher ba mace ba ce. Wannan ya bar manufa ya koma kan mutum. Babu wanda aka ba iko ya tantance wace ce mace ta gaskiya, kuma abin mamaki ne a ji haka daga bakin wadda ta yi suna da fitowa a matsayin mata masu taurin kai da ba sa neman a so su. Sukar ta isa ba tare da wannan jimla ba, kuma ita ce ta ba abokan hamayyarta damar kauce wa sauran abin da ta faɗa.

Abin da ta dawo da shi

Ta sauka da kanta a 2015, Tulip Siddiq ta gaje ta. A 2016, tana da shekara 80, ta hau dandamalin Old Vic a Landan a matsayin Sarki Lear na Shakespeare, rawar namiji wadda ta gagari maza da dama da ba su kai ta shekaru ba, a wasan da ya haura sa'a uku. Labarin tsohon sarki ne da ya raba mulkinsa bisa ga wanda ya fi iya yi masa daɗin baki, ya kori mai faɗa masa gaskiya, sai da ya rasa komai ya kwana a fili cikin hadari sannan ya tuna cewa bai taɓa kula da talakawan da ke kwana a haka kullum ba. Ba zan yi da'awar cewa majalisa ce ta koya mata wasa ba, ta iya tun kafin a haifi yawancin abokan zamanta a can. Amma wadda ta yi shekara 23 tana kallon yadda ake fadanci a gaban masu mulki, tana kuma sauraron waɗanda aka kora daga gidajensu, ba daga littafi kaɗai ta san Lear ba.

A 2018 ta lashe lambar Tony a New York da wasan Three Tall Women na Edward Albee. A 2019 ta fito a Elizabeth Is Missing na BBC a matsayin Maud, tsohuwar da cutar mantuwa ke cin ƙwaƙwalwarta tana kuma neman ƙawarta da ta ɓace, aikin da ya ba ta lambar BAFTA. A hirarrakin da ta yi game da fim ɗin ba ta tsaya kan kanta ba, sai ta riƙa jan zancen zuwa ga yadda Ingila ta kasa tsara wanda zai biya kuɗin kula da tsofaffi, inda iyalai kan sayar da gidan iyayensu domin biyan gidan jinya.

A shekarar da fim ɗin ya fito Boris Johnson ya tsaya a ƙofar fadar firaminista ya yi alkawarin magance wannan matsala baki ɗaya. A 2021 gwamnatinsa ta sanar da cewa babu wanda zai biya fiye da fam 86,000 na kulawa a tsawon rayuwarsa, daga baya aka ɗage fara aiki da tsarin. A watan Yulin 2024, shekara ɗaya bayan rasuwar Jackson, ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke shi gaba ɗaya, kuma gwamnatin da ta soke shi ta Leba ce, jam'iyyar da Jackson ta wakilta. Bisa ga abin da ta yi wa Blair a 2003, ba na zaton kasancewar gwamnatin tasu ce zai hana ta miƙewa ta yi magana.